Kiɗan da Ya Kada Inna a Kasuwa

"Na ce ka share ta, Patron."

Mukhtar bai juyo ba. Idonsa na kan ordinater, kwamfutar aikinsa, kas ɗin sauraro rataye a wuyansa, yana kaɗa ƙafa kamar ba da shi ake ba.

"In share ta daga ina?"

"Daga injinka. Nan anka yi ta."

"Awo, nan anka yi ta. Kai ma Kore Mairuwa anka haihe ka, ga ka Dutsi kana ta da mini jijiyar wuya." Sai a lokacin ya juyo da kujerar. "Zamna, Yasir. Artis, mawaƙi guda da kai, kana ihu kamar kamashon tasha."

"Uwata ta hwaɗi cikin kasuwa."

"Na ji."

"Hannunta cikin mai. Mai shina tahwasa, Patron."

"Na ce na ji. Allah shi ba ta lahiya. To waƙa ta tura ta?"

"Ita ta tura ta."

Studiyon ɗaki ɗaya ne a bayan tasha. An lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai da tsohon soson katifa don kada ƙarar motoci ta shiga aiki, saboda haka iska ma ba ta shiga. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe, grup ɗin ba da wuta na ta gurnani a waje, an bar ƙofa a buɗe saboda zafi. A ɗakin nan Yasir ya tsaya gaban mikro ya rera "Motar Kasuwa", waƙar saurayin da budurwarsa ta hau motar 'yan kasuwa ba ta waiwayo ba. Ita ce waƙarsa ta farko da ta fita. Yanzu babu shagon caji, babu teburin mai shayi, babu biki daga Dutsi har Tibiri da ba a sa ta.

Ranar kasuwar Kore Mairuwa da ta wuce, mai tura waƙoƙi a kati ya kafa sabon baful, ƙatuwar lasifika, daura da inda Inna Sahura, uwar Yasir, take suyar ƙosai. Ya saki waƙar. Waɗanda suke wurin sun ce ta yar da matsami, ta yi wata ƙara da ba muryarta ba, ta yi tsalle ta dire a zaune, hannunta na dama ya nutse cikin kasko. Ba ta cire shi ba sai da aka janye ta. Tsofaffin kasuwa ba su tambayi kowa ba, sun san abin da suka ji. Kiɗan da ke ƙarƙashin waƙar Yasir taken doguwarta ne, iskar da take hawa kanta a da, kafin ta bar bori shekaru da yawa da suka wuce. Samari kuwa suka fito da wayoyi suka ɗauka.

"Ka ga bidiyon?" in ji Mukhtar. "Ba don in ɓata maka rai ba, amma tun da ya hita, har daga Argungu ana kira ana tambayar waƙar."

Yasir ya cakumi wuyan rigarsa. Kas ɗin ya faɗi ƙasa. Mukhtar ya fi shi jiki nesa ba kusa ba. Ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki kas ɗin, ya hure shi, ya duba.

"Da ya hwashe da kun zama ku biyu masu jinya." Ya koma kan ordinater ya danna. "To dubi. Ga ta nan, ka ga sunanta? Na share. Ta tahi. Ka ji daɗi? Yanzu yi shiru ka saurara."

Yasir bai so ba, amma kunnensa ya saurara. Daga wani shago a bakin tasha gangar waƙar na dukan iska.

"Kuma bari in hwaɗa maka kahin ka ji a bakin wani," in ji Mukhtar. "Kiɗan na ba wani yaro na Tibiri, ya hau shi da waƙar amarya. Na ba mai maganin basir, wanga mai yawo kasuwa-kasuwa da lasifika bisa moto."

"Kiɗana?"

"Murya taka, kiɗa nawa. Haka munka yi da kai ranar da ka shigo nan hannu rabbana. Kowane studiyo haka yake yi da sabon shiga, tahi ka tambaya."

"Daga bakina ya hito."

"Daga bakinka hm-hm ya hito. Ni na yanke shi, ni na jera shi, ni na sa mishi goge da ganga. Kai da kanka ka ce mini waƙar reno uwarka take yi maka da shi. Ni ubana malamin lakwal, ɗan boko, ina na san taken iskoki?" Ya sassauta murya. "Ji nan. Wani mai shiri a telebijin ya kira daga Yamai, shina son ku, kai da Bushira mai amshinka. In ka zo, da kai. In ba ka zo ba, akwai wani yaro Matankari, siriri kamarka, sai shi motsa baki bisa muryarka. Wa ya san huskarka a Yamai?"

Yasir ya fita.

Bushira na zaune a kan benci a inuwar shagon. Ita ta yi masa amshi a waƙar. Ta ji komai.

"Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi."

"Ƙarya kake." Ta matsa masa wuri, bai zauna ba. "Yasir, ni ban ce uwa abin wasa ba. Amma tun yaushe nike amshi cikin ɗakin ga? Na yi wa mai tallan sabulu, na yi wa mai neman kujera, ko sunana ba a taɓa hwaɗi ba. Wagga kaɗai mutane sunka tsaya sunka ce wace yarinya. Kawuna ya daina amsa gaisuwata saboda waƙa. In na koma gida haka nan, mi zan ce na tahi yi?"

"Ki tahi Yamai."

"Da mai motsa baki?"

"Da wanda anka ba ki."

"Kai dai wallahi baƙin rai gare ka. In ka zamna, waƙar ma zamnawa za ta yi?"

Ya juya. Ya nufi inda ake lodin Kore Mairuwa.

A mota aka matse shi tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa. Ya jingina kai da gilashi.

Da ya faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, bai sake taka makarantar lise ba. Ya karɓi moton wani yana kabu-kabu a Dutsi, yana ƙulla baitoci a ka tsakanin fasinja da fasinja. Ya yi ta zuwa wurin Mukhtar, Mukhtar ya yi ta sauraron rabin baiti yana cewa, "Wannan na Kano ne, kuma sun hi ka iyawa. Kawo naka." Yasir ya nemi abin da yake nasa bai samu ba. Ba gona, ba takarda, moton ma na wani. Ranan nan yana tsaye gaban mikro, kansa wayam, sai ya ji yana gunguni ta hanci, abin da Inna take yi baki rufe in tana sheƙar hatsi, ko in zazzaɓi ya kama shi ta ɗora tafinta a ƙirjinsa. Ba shi da kalma ko ɗaya. Ɗan hawa ne, da gangara, da wata 'yar karkarwa a ƙarshe. Mukhtar ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Sake." Ya yanki guntun, ya sa shi yana maimaita kansa daga farkon waƙa har ƙarshe, ya ba shi muryar goge daga cikin fiyano. Da suka saurara Mukhtar ya miƙe ya rungume shi. Yasir ya zagaya bayan tasha ya yi kuka shi kaɗai, don a ganinsa ya sa uwarsa cikin waƙa, kuma in ya je gida zai kunna mata ta gane abinta ta yi dariya.

Yana ƙarami ƙwarai aka raba ta da bori. Abin da ya tashi ya tarar shi ne a gidansu ba a maganar.

Direba ya cusa kati. Waƙa ta wuce, wata ta wuce, sai gogen ya taso. Tsohuwar da ke gefensa ta daskare.

"Ɗana, kashe wannan."

"Haba Iya, ita ke tashe."

"Ba a sa shi bisa hanya."

Direba ya yi dariya, ya rage kaɗan, ya sake ƙarawa da aka zo amshi. Fasinjojin bayan mota suka ɗauka gaba ɗaya. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe kai, leɓenta na motsi. Yasir ya ji muryarsa da inji ya goge mata kaushi, tana zamewa sumul kamar ta wani wanda bai taɓa kwana da yunwa ba. Babu wanda ya dube shi.

A zauren gidansu ya iske yayansa Abdul'aziz, mai shagon kayan masarufi a bakin titi. Yau shagon a rufe yake. Yana tsugune yana wanke almakashi da ruwan zafi, ga bandeji da kwalbar magani a kan faranti.

"Yaya, ina wuni."

"Ka zo ka ga aikinka?"

Yasir ya tsuguna nesa kaɗan.

"Shekaru na yi ina roƙon matar nan," in ji Abdul'aziz, bai ɗago ba. "Na yi kuka gabanta. Kayan borin da hannuna na hiddo su na ƙona. Dangin Baba sunka daina shigowa gidan ga saboda ni, ban damu ba. Ta kama salla, ta shiga makarantar matan aure, tsohuwa da ita tana bin allo da yatsa. Kai ka zo da waƙar banza guda."

"Ban sani ba, Yaya."

"Ba ka sani ba. Na ce maka ka bar kiɗa, wannan ma ba ka ji ba?" Ya ajiye almakashin. "Ƙohwar masallaci anka nuna mini ita. Wani ya miƙo mini waya shina dariya, wai in ga abin da ya hwaru a kasuwa. Bai san uwata ba ce."

Ya juya baya ya daɗe yana gyara bandejin da ba ya bukatar gyara.

Daga baya ya faɗi sauran. Bayan na kasuwa ta sake faɗuwa a tsakar gida, ɗiyar maƙwabta ce ta kunna a waya ta bayan katanga. Ta sake faɗuwa da aka yi biki a layin baya, ta fasa goshi a bakin turmi. Ya bi gida-gida yana roƙo, wasu suka ji, wasu suka ce ba za su hana 'ya'yansu waya ba don matar da ba ta gama tuba ba. Ya kawo malamai sun yi ruƙiyya. Takan lafa har zuwa sa'ad da wani zai wuce ta ƙofar gida da rediyo.

"Gobe zan kai ta wurin Kawu Sallau, can bayan Dogon Kiriya. Ba kuran, ba rezon waya."

"Ƙosanta hwa? Ƙawayenta? Nan ta yi aure, nan ta..."

"Wa zai sayi ƙosai a hannunta yanzu? Da wane hannun ma za ta soya?"

Ɗakin Inna Sahura duhu ne da rana tsaka. An toshe tagar da tsumma. Tana zaune a kan tabarma, bayanta jingine da gado, hannun naɗe a kan cinya kamar jinjirin wani da aka ba ta riƙo. Ta rame. Goshin ya kumbura.

"Auta? Kai ne?"

"Ni ne, Inna."

"Ka ci abinci? Dubi wuyanka kamar na zabo. Can Dutsin ba su dahuwa?"

Ya durƙusa ya kifa kai a gwiwarta. Ta ɗora hannun hagu a ƙeyarsa.

"To, to. Ya isa. Sun ce muryarka da daɗi. Ni ban kai ga muryar ba."

"Inna, na ɗauka waƙar reno ce."

"Ni ma ban san ina yi ba. Abu ne da ya zamna cikin ƙirji, shi hito da kanshi in hannu na aiki. Baki ruhe ba ya kiran kowa, Auta. Goge ke kira. Wa ya yi muku gogen? Hannunshi da tsabta."

"Ba mutum ba ne. Inji ne, Inna. Dannawa ake."

Ta jinjina kai.

"To ita doguwar ba ta san inji ba."

A waje wani moto ya wuce. Ya ji jikinta ya ɗaure gaba ɗaya, yatsunta sun shiga gashinsa, har ƙarar ta yi nisa ba tare da kiɗa ba. Sannan ta saki numfashi.

"Yayanka ba ya son in yi maganar. Gaskiya gare shi, na yi alkawari. Amma kai ka tono, sai ka ji." Ta rage murya. "A wurin wasa, in anka kira ta ta zo, sai a shimhiɗa mata, a yi turare, a gaishe ta, ta hwaɗi abin da ya kawo ta. In ta gama, mai goge shi juya kiɗa, shi sallame ta, ta tahi. Naku ba ya juyawa. Kira, kira, kira, har waƙa ta ƙare, wani shi sake daga hwarko. Ta zo ta iske ba tabarma, ba turare, ba wanda ya san sunanta, sai yara da waya suna dariya. Ranta ɓaci yake. Ba ta ga kowa ba sai ni."

Yasir ya ɗago. Karo na farko tun da aka kira shi aka faɗa masa, ya hango mafita.

"To koya mini sallamar."

"Mi?"

"Inda kiɗan ke juyawa. Ki yi mini a hankali, baki ruhe, in riƙe. In koma studiyo in sa ta ƙarshen waƙa, mu saki sabuwa. Ko in sa miki ita kaɗai cikin waya, duk sa'ad da..."

Ta yi dariya, dariyar ta taɓa mata goshi ta yamutsa fuska.

"Auta. Ni ina na ji ta?"

"Ba ke ake yi wa ba?"

"Sa'ad da ake yin ta ba ni nan. Kiran shi ne abu na ƙarshe da kunnena ke ji. Daga nan sai in buɗe ido in gan ni kwance, ana ba ni ruwa, ana ba ni labarin abin da na yi. Shekarun da na yi cikin abin ga, ban taɓa jin ƙarshen takena ba ko sau guda."

"Wa ya san shi?"

"Iro mai goge. Shi ke yi mini tun ina amarya."

"Ina yake?"

"Ya riga mu gidan gaskiya, kana lakwal. Ɗiyanshi suna Kwatano suna saida takalma, ba wanda ya ɗauki gogen."

"Akwai wasu masu goge. Akwai garin Lugu, akwai garin Bagaji, in tahi in tambaya."

"Tahi. Kowa da hannunshi, wataƙila ka dace." Ta dube shi da idon da ya saba gani in ya zo da sakamakon jarrabawa. "In ka samo, za ka bi wayoyin mutane ɗai-ɗai ka hidda tsohuwar?"

Ya san masu kati. Ba wanda zai share waƙar da ke kawo masa mutane don wata mai wutsiya da ba a rawa da ita. Ga ta amarya. Ga mai maganin basir.

Wayarsa ta yi ta rawa a aljihu. Mukhtar ne. Ya kashe ta gaba ɗaya.

Da safe suka tashi. Kayanta ba yawa: ƙullin zannuwa, buta, allo, tukunya ɗaya da ta ce ba za ta bari ba. Kaskon suya ta ce a ba maƙwabciyar nan mai ɗiya. Abdul'aziz ya so ya yi magana, ta ce a ba ta. Ya cusa mata auduga a kunnuwa, ya ɗaure da kallabi, ta sa hijabi a kai. Matan unguwa suka tsaya a ƙofofinsu. Kaɗan suka ƙaraso suka yi sallama, suna ɗaga murya don ta ji, tana ta gyaɗa kai tana murmushi ba ta san me suke cewa ba.

Ba a zuwa Dogon Kiriya sai an bi ta Dutsi an sake mota. A tasha suka jira a cika. Abdul'aziz ya zaunar da ita can ƙarshen rumfa, ya rungume kanta a ƙirjinsa, yana karatu da ƙarfi daidai kunnenta. Mutane na kallo. Yasir ya tsaya gadi, idonsa na yawo daga shago zuwa shago. Da ya ga wani mai caji ya kai hannu ga baful sai ya ruga.

"Don Allah, ɗan'uwa, kar ka sa 'Motar Kasuwa' sai mun tashi. Akwai mara lahiya."

"Mara lahiya shi tahi likita. Kai wane ne?"

"Ni na yi waƙar."

Mai cajin ya dube shi daga silifas har kai.

"Awo. Ni kuma ni na gina tasha."

Na kusa suka fashe da dariya. Yasir ya tsaya gaban baful ɗin, ya dafa shi da hannu biyu. Ko me mai cajin ya gani a fuskarsa, ya ja tsaki ya sa wa'azi. Haka ya tsaya har aka kira masu Dogon Kiriya.

Direban wannan motar rediyonsa a mace yake. Abdul'aziz ya tambaya kafin su hau, ya sake tambaya.

Daga Dogon Kiriya amalanken shanu suka samu. Hanyar rairayi ce, ta ratsa gonakin da aka gama girbe, karan hatsi a kwance, gawo nan da can. Tun da gari ya ɓace a bayansu babu abin da ake ji sai kukan ƙafar amalanke da numfashin shanu. Inna Sahura ta kai hannun hagu ƙarƙashin hijabi, ta ciro audugar kunne ɗaya. Ta saurara. Ta ciro ɗayar.

"Kai, duniya da shiru haka."

Ta fara magana, ta yi ta yi. Ta nuna musu rijiyar da suke ɗiban ruwa suna 'yan mata. Ta nuna inda jaki ya taɓa kada Sallau ya karya masa haƙori, ta ce har yau in ya yi dariya za su gani. Ta tambayi mai amalanke ɗan wane ne, ta san kakarsa, ta ce marowaciya ce ta gaske, mai amalanke ya ce wallahi har ta mutu ba ta canza ba. Abdul'aziz ya yi dariya. Ya buɗe gorar ruwa ya sha, ya ɗan yi jim, ya miƙa wa Yasir ba tare da ya dube shi ba. Yasir ya karɓa.

Ya fara lissafa zama a ransa. Ba zai koma Dutsi ba. Zai taya Kawu aikin gona, ya yi mata itace, ya kai ta asibiti wankin hannu. Waƙoƙi tashe suke yi su wuce. Wata za ta fito ta danne wannan, masu kati su manta da ita, sai su dawo da Inna gida a hankali.

Rana ta karkata suka hango rumbuna. Sannan bukkoki. Sannan, a tsakiyar garin, wani abu a kan dogon ƙarfe yana walƙiya.

Abdul'aziz ne ya fara ganewa. Ya miƙe tsaye a kan amalanken.

Allon hasken rana ne, sabo fil. A ƙarƙashinsa rumfar kara, da tebur, da wayoyi jere kamar kifi a kan tire, kowace da igiyarta. A gefe ga baful baƙi an ɗora shi a kan turmi, samari zaune kewaye da shi.

Kawu Sallau ya taho da sauri, rigarsa na kaɗawa, karyayyen haƙorin a waje.

"Maraba, maraba! Sahura, ke ce haka? Sannu, sannu da hanya. Kun ga abin arziki? Yaranmu 'yan cin rani sunka haɗa kai sunka sayo muna, bai daɗe ba. Yanzu mu ma mun zama birni. In ka hau tudun can har rezo ana samu."

"Kawu," in ji Abdul'aziz, "Kawu, tsaya, ka ce musu..."

Wani saurayi daga rumfar ya taso yana ƙare wa Yasir kallo. Ya matso, ya dafe kai.

"Wallahi shi ne! Na san shi Dutsi, ya sha ɗaukata bisa moto! Kai, jama'a, mai 'Motar Kasuwa' ne a garinmu! Ahmad, ina katin? Sa muna ita, sa ta da ƙarhi, shi ji mun san shi!"

Rumfar ta watse da ihu. Wasu suka yo wajen amalanke da gudu, wasu suka rufu a kan teburin suna neman kati, mata suka fara leƙowa ta kan darni. Abdul'aziz ya dira ya nufi rumfar yana ɗaga hannuwa yana cewa kar su sa, kar su sa, muryarsa ta nutse cikin murnar. Kawu Sallau na ta dariya yana tambaya wai da gaske ɗan Sahura ne ke cikin rediyo. Hannaye suka kama Yasir ta ko'ina, ana girgiza shi, ana kiran sunansa.

Ya waiwaya. Inna Sahura na zaune inda take a kan ƙullin kayanta, tukunyar a gefenta. Audugar na cikin tafinta, ta yi baƙi da gumi, ta dunƙule ta zama 'yar mitsitsiya. Ba ta mayar da ita kunne ba. Ba rumfar take kallo ba. Ta ɗaga kai tana duban bayan garin, inda bukkoki suka ƙare, sai rairayi da sabara har iyakar gani.

"Auta," ta ce, a hankali, "daga nan kuma ina za ku kai ni?"